Ɓoyewa daban, ruɗi daban: yadda koyarwar Kirista take auna ƙarya

A layin masu hatsi na Kasuwar Dole, mai saye ya tsoma hannu cikin buhun gero, ya murza, ya yatsina fuska ya ce: "Alhaji, wannan ai rabinsa tsakuwa ne." Ya san geron ba shi da aibi. So yake a rage masa dala biyar a kan kowace tiya. Ciniki na faɗawa sai ya koma gida yana ba maƙwabta labarin yadda ya yi wa mai hatsi wayo. Littafin Karin Magana ya zana mutumin nan sak a sura 20 aya 14: mai saye yana ta kushe kaya, da ya ba da baya sai ya kama fariya. Masu wa'azi a kan gaskiyar kasuwa sun saba sa wa ɗan kasuwa ido, ga shi nan kuwa mai saye ne aka kama.

Wannan bai mai da kowane ciniki ƙarya ba. Mai hatsi ya sa kuɗi sama, mai saye ya taya ƙasa, wannan ya ce albarka, wancan ya ƙara. Ba wanda aka ruɗa, domin duk Damagaram ta san kuɗin farko ba shi ne na sallamawa ba. Ƙarya tana shiga ne sa'ad da ɗayansu ya faɗi abin da ya san ba haka yake ba, a kan al'amarin da abokin cinikinsa ba shi da hanyar bincikawa: "ko uwar kuɗina ba ka kai ba", ko "yanzun nan wani ya taya na hana", ko "geron bana ne" alhali na bara ne har ya fara ƙwari.

Ma'aunin nan tsoho ne, kuma ɗan Afirka ne ya fi kowa tsara shi. Agustin, bishop na garin Hippo, inda birnin Annaba na Aljeriya yake a yau, ya rayu daga 354 zuwa 430, ya kuma rubuta littattafai biyu a kan ƙarya, ɗaya wajajen 395, ɗaya wajajen 420. A wurinsa maƙaryaci shi ne mai zuciya biyu: wani abu na cikin ransa, wani abu dabam yake fitarwa, da baki ko da alama. Wanda ya ce motar Magariya ƙarfe bakwai take tashi, yana zaton haka ne, ashe an sauya lokaci, kuskure ya yi. Wanda kuwa ya jera kalmomi kowace gaskiya ce, amma ya jera su don ka fahimci abin da ba shi ba, zai sha wuya kafin ya wanke kansa.

Littafi Mai Tsarki yana da misalan irin wannan jeri. A Farawa sura 20 Ibrahim ya ce wa sarki Abimelek matarsa Saratu 'yar'uwarsa ce. Da asiri ya tonu, ya kare kansa a aya 12 da cewa ai ubansu ɗaya, uwa ce kowa da tasa. Maganar gaskiya ce, amma an faɗe ta ne don sarki ya ɗauka matar ba ta da aure, kuma sarkin da ba ya cikin jama'ar alkawari shi ne ya tsawata wa annabi. 'Yan'uwan Yusufu, a sura 37, ba su ce wa Yakubu naman jeji ya cinye ɗansa ba. Rigar suka tsoma a jinin bunsuru, suka aika a tambaye shi ko ta ɗansa ce, tsohon ya ƙarasa ƙaryar da bakinsa. Haka dillalin babur yake yi in ya dafa ƙirji ya ce "ni dai ban taɓa buɗe injin nan ba", ya kuwa san ƙanensa ne ya buɗe shi sau biyu.

In an juya ma'aunin, sai a ga abubuwa da yawa da masu tsananin kaffa-kaffa ke kira ƙarya ba ita ba ce. Mai zazzaɓi da aka gaisar ya ce "lafiya lau", ko mai jinya ya ce "da sauƙi", bai yaudari kowa ba. Gaisuwa ce, mai tambaya ma bai ɗauke ta bayanin likita ba. Amma in likitan ne ya tambaya, ko matarsa da za ta san ko a sayar da akuya a kai shi asibiti, "lafiya lau" ta tashi daga gaisuwa. Kalmar ɗaya ce, abin da mai ji zai gina a kanta ne ya bambanta. Tatsuniya da barkwanci ma haka, muddin kowa ya san wasa ake yi. Karin Magana 26:18-19 dai ta kwatanta wanda ya ruɗi maƙwabcinsa sannan ya ce "wasa nake" da mahaukaci mai harba kibiyoyin wuta.

Shiru ma ba ƙarya ba ne. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, Karin Magana 11:13 kuma ta yabi amintacce mai riƙe sirri. Yesu ya yi shiru gaban babban firist, ya yi shiru gaban Bilatus a kan ƙarar da ake kai masa. A 1 Sama'ila 16:2, da annabi Sama'ila ya ji tsoron sarki Saul zai kashe shi in ya ji ya tafi naɗa sabon sarki, an umarce shi ya tafi da karsana ya ce hadaya ya zo yi. Ya kuwa yi hadayar. Bai faɗi duka ba, amma abin da ya faɗa ya faru. Littafin koyarwar Katolika na 1992 ya faɗi ƙa'idar a fili a lamba 2488 da 2489: ba kowa ne ke da haƙƙin a gaya masa kowane abu ba, kuma ba a tilasta wa mutum ya bayyana gaskiya ga wanda ba shi da haƙƙin saninta. Fada, wato firist na Katolika, ba ya faɗin abin da ya ji a wurin furta zunubi ko da za a yanka shi. Fasto da aka kai wa matsalar aure, da ungozoma, da ma'aikacin asibiti, duk suna ɗauke da amanar da tona ta laifi ne.

Inda ake zamewa shi ne tsakanin rufe baki da shuka abin da ba shi ba. Mai bin bashi ya yi sallama a zaure, mai gida ya raɗa wa ɗansa ɗan shekara takwas: "Je ka ce ba na nan." Kunya ce ta sa, kowa ya sani, amma ɓarna biyu aka yi lokaci ɗaya. An ruɗi mutumin da ke da haƙƙin sanin inda kuɗinsa suke, an kuma koya wa yaro cewa ƙarya aike ce kamar sayo sukari. Gobe in ya ce ya je lakwal alhali a bakin tabki ya yini, da wane baki za a tsawata masa? Akwai maganar da take rufa asiri ba tare da ƙarya ba: "Baba ya ce ba zai iya fitowa yanzu ba, a yi haƙuri zuwa Alhamis." Ta fi nauyi a baki, shi ya sa ake gudunta.

Dalilin da Kirista suka ɗauki abin da zafi ya wuce zancen kyan hali. Littafin Ƙidaya 23:19 ya ce Allah ba mutum ba ne da zai yi ƙarya, Titus 1:2 da Ibraniyawa 6:18 suka maimaita. Yesu ya kira kansa gaskiya a Yahaya 14:6, ya kira Iblis uban ƙarya a 8:44. Bulus kuwa hujjar zaman tare ya kawo a Afisawa 4:25, cewa a bar ƙarya domin mu gaɓoɓin juna ne. Yohanna Kirisostom, mai wa'azi na ƙarni na 4, ya buɗe ayar da tambaya: in ido ya hango maciji, zai yi wa ƙafa ƙarya? Ga jama'ar da take 'yar tsiraru a gari kamar Zinder, inda aikin ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ya fara a 1924, akwai ƙarin nauyi. Kafinta ɗaya da ya ci kuɗin katako ba sunansa kaɗai za a kira a unguwa ba, za a ce "Kiristan nan".

Dokar da ta shafi ƙarya a cikin Dokoki Goma, Fitowa 20:16, ta tara ce a ƙidayar yawancin Furotesta, ta takwas a ta Katolika da Lutaran. Asalinta shaidar zur ce gaban shari'a. A zamanin da ba hoto, ba takardar fili, bakin shaida shi ne komai. Shi ya sa Maimaitawar Shari'a 19:15-19 ta hana a yanke hukunci da shaida ɗaya, sai biyu ko uku, ta kuma ce in aka kama mai shaidar zur a yi masa abin da ya so a yi wa ɗan'uwansa. Amma biyu ma ana sayensu. A 1 Sarakuna 21 Yezebel, matar sarki Ahab, ta sa aka samo 'yan iska biyu suka ce Nabot ya zagi Allah da sarki, aka jajjefe shi, Ahab ya gaje gonar inabi. Duk wanda ya taɓa zama wurin shari'ar iyakar gona, a fada ko a kotu, ya san yadda dangi ke tsayawa bayan nasu a kan kukar da ba su taɓa gani ba. Martin Luta, a ƙaramin littafin koyarwarsa na 1529, ya faɗaɗa dokar har ta ƙunshi kare maƙwabci, faɗin alherinsa, da yi wa abin da ya yi kyakkyawar fassara. Fitowa 23:1 ta hana baza labarin ƙarya. Ayar ba ta tambaya ko kai ka ƙirƙiro shi ba, don haka "yadda aka turo mini na turo muku" a WhatsApp ba mafaka ba ce. Saƙon murya na minti biyu da ke cewa wane ya zagi addinin wane yana iya tayar da gari kafin la'asar.

Ƙaryar da ba ta buƙatar baki ita ce ta awo. Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana mutum ya riƙe ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, a jakarsa ko a gidansa. Annabi Amos, a 8:5-6, ya lissafa dabarun zamaninsa: rage mudu, ƙara nauyin ma'aunin kuɗi, karkata sikeli, sayar da sharar alkama. Ba abin da ya tsufa a ciki. Ana saye a ƙauye da babbar tiya, a sayar a birni da wadda aka bubbuga gindinta ya shige ciki. Tiyar gero kusan kilo biyu da rabi ce, arba'in ke cika buhun kilo 100. In kowace ta rasa giram 100 kacal, abin da ido ba zai gani ba, a buhu ɗaya an tauye kilo huɗu, ya fi tiya ɗaya da rabi. Algus ma ɗan gidan ne: ruwa a nono, mai kyau a bakin buhu ruɓaɓɓe a ƙasa, kwalbar fetur da ba ta cika lita ba.

Sai rantsuwa. A Matiyu 5:33-37 Yesu ya ce kada a rantse sam, i ta zama i, a'a ta zama a'a, Yakubu 5:12 ta maimaita. Ɗarikun Kirista na Menonait da Kwekas sun ɗauki maganar yadda take, ko a kotu ba sa rantsuwa. Katolika da yawancin Furotesta sun yarda da rantsuwa gaban hukuma a kan babban al'amari, suna kafa hujja da Bulus da ya kira Allah shaida a Romawa 1:9 da 2 Korintiyawa 1:23. Abin da duk suka haɗu a kai shi ne illar rantsuwar yau da kullum. A Matiyu 23:16-22 malaman lokacin sun raba rantsuwa kashi-kashi, wai ta Haikali ba ta kama mutum, ta zinariyar Haikali ce mai kamawa. Da zarar an yi haka, magana ta zama hawa biyu, kuma mutumin da sai ya ce "na rantse" ake yarda da shi ya riga ya sanar cewa sauran maganarsa ta hawan ƙasa ce.

"In Allah ya yarda" ma tana shan wahala a bakinmu. Yakubu 4:15 ta koyar da faɗinta, domin ba wanda ya san gobe. Amma tela da ke iya ɗinka kaya biyu a yini, saura kwana goma Kirsimeti, ya karɓi kaya talatin yana ce wa kowa "in Allah ya yarda Asabar", ya san goma ba za su samu ba tun kafin ya sa almakashi. Wanda wuta ta ɗauke masa kwana uku ya kasa cika alkawari bai yi ƙarya ba, abin da ke kansa shi ne ya sanar da wuri. Shi kuwa wancan ya yi ƙaryarsa tun ranar karɓar yadi, ya kuma rataya ta a wuyan sunan Allah.

Akwai wurin da malaman Kirista ba su taɓa haɗa baki ba. Ungozomomin Ibraniyawa, Shifra da Fu'a, sun ƙi kashe jarirai maza, suka ce wa Fir'auna matan kan haihu kafin su iso, Fitowa 1:20-21 kuma ta ce Allah ya yi musu alheri. Rahab ta ɓoye 'yan leƙen asiri biyu a kan soro ƙarƙashin ƙaran rama, ta ce wa manzannin sarkin Yariko sun riga sun fita, ga ta kuma cikin jerin masu bangaskiya a Ibraniyawa 11:31. Agustin bai ja da baya ba. Ya ce tausayinsu aka saka wa, ƙaryar kuwa gafarta ta aka yi. Ya kasa ƙarya gida takwas, mafi muni ita ce ta cikin koyarwar addini, masu sauƙi su ne waɗanda ba su cuci kowa ba suka kuma ceci wani, amma ko ɗaya bai halatta ba. Misalin da ya kawo shi ne na Firmus, bishop na Tagaste, wanda 'yan aiken sarki suka zo neman mutumin da ya ɓoye, ya ce musu ba zai yi ƙarya ba, ba kuma zai ba da mutumin ba. Ya sha azaba bai sauya ba. Toma Akwinas, a ƙarni na 13, ya bi sahunsa, ya raba ƙarya uku, ta raha da ta taimako da ta cutarwa, ya ce duk zunubi ne amma ba nauyinsu ɗaya ba.

Wasu sun ga abin dabam. Yohanna Kasiyan, wanda ya yi zamani da Agustin, ya kwatanta ƙarya da tsiro mai dafi da ake ba mai ciwon ajali ya warke, mai lafiya kuwa in ya sha ya halaka. Ditrik Bonhofa, faston Jamus da 'yan Nazi suka rataye a Afrilun 1945, ya kawo misali daga kurkuku: malami ya tambayi yaro gaban aji ko gaskiya ne ubansa kan dawo gida a buge, yaron ya ce a'a. A ganinsa alhakin yana kan malamin da ya kutsa inda ba huruminsa ba. Ko littafin koyarwar Katolika ya nuna wuyar abin: bugun 1992 ya ce ƙarya ita ce ɓatar da wanda ke da haƙƙin sanin gaskiya, bugun 1997 ya cire wannan sharaɗin daga lamba 2483.

A Zinder wannan ba muhawarar aji ba ce. Ranar 16 ga Janairun 2015 aka ƙona majami'u a garin, washegari a Yamai, kuma duk wanda ya ga ranar ya san ana iya buga ƙofarka a tambayi wanda ke ɗakinka. Hanyar Firmus ita ce mafi tsabta, amma tana da rauni: wani lokaci ƙin amsawa kansa amsa ce, kuma ba mai shirun ne zai biya ba, wanda ke ɓoye ne. Don haka da wuya a ɗora wa wanda ya ce "ba kowa nan" laifi mai nauyi. Sai dai a lura da iyakokin labaran nan. Rai ne ke cikin haɗari, mai tambaya kisa yake nufi, ba wata ƙofa, ribar kuma ta wani ce, mai maganar ma kansa ya sa a wuta. Wanda ya ce wa ɗan duwan buhu ashirin ne alhali talatin ne, ko ya rage wa ɗansa shekara uku a takardar haihuwa, ba shi da gadon Rahab ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan.

Ƙaryar da ta jawo hukunci mafi sauri a Sabon Alkawari kuwa a cikin ikilisiya aka yi ta. Hananiya da Safiratu sun sayar da fili, suka riƙe wani kaso, suka kawo saura kamar duka ke nan. Bitrus ya faɗa a Ayyukan Manzanni 5:4 cewa filin nasu ne, kuɗin ma nasu ne, ba wanda ya tilasta musu. Sunan masu sadaukarwa suke so a kan farashi mai rahusa. Jikokin wannan ƙaryar su ne shaidar warkarwa da ake ƙara wa gishiri, da rahoton da ke mai da mutum arba'in ɗari don masu ba da taimako su ji daɗi, da rasiti na siminti da ba a saya ba. Maganin da Bulus ya yi a 2 Korintiyawa 8:18-21 na tsari ne: bai ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, sai da wanda ikilisiyoyi suka zaɓa. A aikace, mutum biyu da ba 'yan gida ɗaya ba su ƙirga baiko nan take bayan sujada, a rubuta, su sa hannu, ma'aji ya zama dabam da mai ba da izinin kashewa, a karanta lissafi gaban jama'a a kan lokaci. Inda aka ce "ai mun yarda da shi" aka bar mutum ɗaya da jaka, shi ma an cuce shi, domin ranar da aka zarge shi ba shi da abin nunawa.

Tuba daga ƙarya tana da sassa, kuma na ƙarshen ne ake tsallakewa. Furtawa ga Allah ita ce farko, 1 Yahaya 1:9 ta yi alkawarin gafara, Bitrus da ya yi musun Ubangijinsa sau uku har da rantsuwa ma an mai da shi bakin aiki. Sai gyara, kuma faɗinsa daidai faɗin ɓarnar. Wanda ya ɓata sunan mace a taron zumuntar mata, a taron zai janye, raɗa mata "yi haƙuri" a bayan majami'a bai isa ba. Wanda kuwa ya yi wa mutum ɗaya ƙarya ba sai ya tsaya gaban ikilisiya ba, musamman in bayanin zai tona asirin wani na uku da bai ji ba bai gani ba. In dukiya ta shiga, Littafin Firistoci 6:1-5, wanda yake ƙarshen sura 5 a wasu fassarorin Faransanci, ya yanka adadi ga wanda ya ci amana ko ya yi musun tsintuwa: uwar kuɗi da ƙarin kashi ɗaya cikin biyar. Jika goma ta zama jika goma sha biyu. Zakka mai karɓar haraji na Yariko, a Luka 19:8, ya ɗaukar wa kansa ninki huɗu. Kirista ba sa ɗaukar waɗannan adadi a matsayin doka a yau, amma dattawan ikilisiya na iya amfani da su wajen shiga tsakani, domin wanda aka riƙe wa kuɗi shekara biyu ya yi asarar da ta wuce uwar kuɗin. In mai haƙƙin ya rasu, magadansa ake nema. In babu dangi ko ɗaya, Littafin Ƙidaya 5:8 ya ce a kai kuɗin ga Ubangiji ta hannun firist.